Kafin Ku Sallama Tangaran Ɗin Kaka

Wata 'yarmu daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ta aiko mini da tambaya. Kakarta ta rasu bayan Babbar Sallah, ta bar kwaba mai gilas shaƙe da kayan jere. Ban da su fanteka da su langa, akwai butar shayi mai siffar ɗaki da jinka tare da 'yan rakiyarta biyu, mazubin sukari da na madara. Akwai kaza ta tangaran tana kwanci a kan kwando, da tumatir biyu masu huji a ka, da kofuna shida marasa kauri. Sai wata tukunya mai murfi, baƙa-baƙa, mai nauyi, wadda ta ce ba wanda ya taɓa sonta a gidan, an danna mata wani ɗan rubutun ajami kusa da gindi. Mijin marigayiyar ya yi aikin kuku a gidan wani Bature a Kaduna kafin ya dawo gida noma. Wani mai yawon sayen tsofaffin kaya ya taya duka naira 60,000, ya ce zai dawo ranar kasuwa. Tana so ta sani: su sallama, ko kayan sun fi haka? Kuma yaya ake yi musu kuɗi, tunda na gado ne?

'Yata, Allah ya jiƙan Hajiya, ya haskaka kabarinta, ya ba ku haƙurin rashi. Kada ku sallama ranar kasuwar nan. In ya dawo a ba shi ruwa ya sha, a ce masa albarka, magada ba su gama shawara ba. Abin da ya kwana shekara 60 a kwaba ba zai lalace don ya ƙara wata biyu ba.

Ba zargin mutumin nake yi ba. Sana'arsa yake yi, kuma sana'ata ce. Mahaifiyata dillaliya ce, ni nake ɗaukar mata ƙunshin kaya gida-gida tun ina yaro, daga baya na yi fiye da shekara 20 a Kasuwar Kurmi a rumfar masu sayar wa baƙi kayan da, kafin na dawo ƙauye. Don haka na san abu ɗaya sarai: mai saye ba ya taya kwaba ɗungurungum sai idonsa ya faɗa kan wani abu guda a ciki. Zai ɗauki wanda ba ya so ya yi ta yabo, wanda ya kawo shi kuwa ko kallonsa ba zai ƙara yi ba. Aikinku kafin ya dawo shi ne ku gano wanne ne wannan gudan. Ina da zato, zan zo kansa.

Yana da kyau ki san hanyar da irin waɗannan kaya suka bi suka shigo ɗakunan iyayenmu, domin hanyar tana nuna shekaru. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori kuma ya kai Nguru a 1930. Inda duk ake awon gyaɗa, kantuna sun biyo, na UAC da John Holt da GBO da na Kwarori. Manomi ya sayar da gyaɗa da kaka, ya shiga kanti ya yi wa 'yarsa sayayyar aure. Haka jere ya tashi daga ƙwarya ya koma tasa, daga tasa ya koma kwano, masu hali suka ɗora tangaran a sama, wanda tsofaffi ke kira faɗi-ka-mutu. Alhazai ma sun kawo nasu a tsarabar Makka da Jidda, galibi kayan shayi ƙirar Japan da Sin. Amma masu siffar ɗaki da kaza da kayan lambu, yawancin waɗanda na gani ta hannun kuku da boyi da direba suka fito. Bature zai koma gida, ba zai ɗauki abin fashewa ba, sai ya bar wa ma'aikatansa. Labarin kakanki ya dace da wannan.

Akwai kuma wata fa'ida da kayan jere suke da ita wadda na gidan Turawa ba su da ita. Matar Bature ta yi shekaru tana shan shayi a butarta, ta goge ta, ta buge ta. Iyayenmu kuwa ba sa ci a kayan jere. Dukiya ce, asusun mace ne, ranar da ta matsu ta zare ɗaya ta ba dillaliya. Shi ya sa sau da yawa sai ki tarar da ruwan zinaren bakin kofi yana nan kamar jiya aka shafa.

Ki fara da warewa. Ki nemi mayen ƙarfe ki kara a jikin kowanne. Wanda ya kama, kwano ne: ƙarfe ne aka rufe da narkakken gilas, ba tangaran ba. Tun shekarun 1960 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antunsa a Legas da Kano, ya cika ƙasa, kasuwarsa daban ce, ki ajiye shi gefe. Wanda bai kama ba, ki ɗaga shi saitin rana ki sa yatsunki a baya. In kin ga inuwar yatsun, to mai kyan ne, na farar ƙasa da aka gasa da wuta mai tsananin zafi, in kin ƙyasta shi da farce zai yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa. In haske bai ratsa ba, kuma yana da kauri amma ba nauyi sosai, ƙararsa gajera, to na yumɓu ne mai ƙaramar wuta da aka lulluɓe da fatar gilas. Yawancin kayan siffofi irin wannan ne, shi ya sa suke saurin yin giɓi. Na uku shi ne mai nauyi kamar dutse, wanda ko inda ba a shafa masa gilas ba ba ya shan ruwa.

Daga nan sai ki shimfiɗa bargo a ƙasa, ki zauna, ki cire murfi ki ajiye daban, ki juya gindin kowanne. Duk mai sanin tangaran gindi yake fara dubawa kafin fuska.

A 1890 Amurka ta yi dokar da ta tilasta a rubuta sunan ƙasar da aka ƙera duk kayan da za a shigo mata da su, ta fara aiki a 1891. Masana'antu da yawa sai suka riƙa bugawa a kayansu. To in kin ga "England" a gindi, galibi kayan bai girmi 1891 ba, in kuwa "Made in England" ne cikakke, ɗan ƙarni na 20 ne. Japan ta yi amfani da "Nippon" daga 1891 zuwa 1921, sannan ta koma "Japan". Wanda aka rubuta wa "Made in Occupied Japan" ya fi kowanne sauƙin sa wa shekara, domin tsakanin 1947 da 1952 kaɗai aka yi shi, lokacin da ƙasar ke hannun sojan ƙawance bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma akwai masu tara shi musamman don wannan rubutun. "West Germany" ba ya wuce tsakanin 1949 da 1990, "Czechoslovakia" kuma 1918 zuwa 1992. In an rubuta cewa ana iya sa shi a na'urar ɗumama abinci ko injin wanke-wanke, to na baya-bayan nan ne komai tsufan da ya nuna.

Kurakurai biyu nake yawan gani a nan. Mutum ya ga 1882 ko 1896 a cikin tambari, sai ya ce ai butarsa ta haura shekara 100. Wannan shekarar da aka kafa kamfanin ce, ba shekarar da aka gasa butar ba. Wani kuma ya ga gindi fari fat babu rubutu, sai ya ce ta girmi zamanin rubutu. Alhali kayan Japan da yawa na shekarun 1950 da 1960 'yar takarda mai ƙyalli aka manna musu, wankin farko ta tafi.

Butar nan mai siffar ɗaki, wadda jinkar ce murfinta, ga taga ga ƙofa ga furanni suna hawa bango, kusan duk daga yankin Stoke-on-Trent na Ingila suka fito. Kamfanin Beswick sun yi, na Keele Street sun yi, amma waɗanda suka fi cika duniya da ita su ne Price Brothers na Burslem, waɗanda suka haɗe da Kensington a 1962. In tambarin ya ce "Price Bros", ta riga haɗewar, in ya ce "Price Kensington", bayanta ne. Japan ma ta kwaikwaya. Zan faɗa miki gaskiya ko ba daɗi: kyakkyawa ce, ina sonta, amma an yi ta da yawan gaske, kuma a Ingila kanta ba ta da tsada. Sau da yawa kuɗin aika ta can ya fi kuɗinta. Abin da ke ɗaga ta shi ne kasancewar ukun suna tare, da murafansu na asali. Butocin siffa masu kuɗi akwai su, kamar ta kamfanin Sadler mai siffar motar tsere ta shekarun 1930, mai lamba OKT42 a jiki, amma mai jinka ba ta cikinsu.

Kazar kwanci kuwa tun ƙarni na 19 ake yinta a Staffordshire ta Ingila don ajiye ƙwai, kuma har gobe ana yi, saboda haka siffar kaɗai ba ta faɗin komai. A ɗakunan iyayenmu ban taɓa ganin ƙwai a cikinta ba, sai goro, ko 'yan kunne, ko kuɗin adashe a ƙulle cikin tsumma. Ki duba baki da zanko da ƙarshen wutsiya, nan take fara karyewa. Sannan ki ɗora ta a kan kwandon ki ɗan girgiza. In ta zauna daram, launin cikin sama da na ƙasa iri ɗaya, to tare aka haife su. In tana rawa, haɗin gambiza ne: kwandon wata ya fashe aka aro na wata, kuma mai saye zai gane. Na san akwai gidajen da ba sa ajiye abu mai surar mai rai. Wannan magana ce ta malamai, a tambaye su. Roƙona kawai kada wani ya ɗauki dutse ya fille mata kai kafin a zauna, domin na taɓa tarar da an yi haka, kuma dukiyar magada ce aka fasa.

Tumatir ɗin biyu mazubin gishiri ne da na masoro. In Japan ne, wataƙila ki ga "Maruhon Ware" da harafin K a cikin da'ira, suna da yawa kuma ba tsada. In kika ga "Royal Bayreuth" na Jamus, sun fi daraja. Toshiyar gindi ma shaida ce: ta itace mai laushi irin ta bakin kwalbar da ta girmi ta roba. Sai dai in ɗaya ya ɓata, ɗayan ya zama maraya, kusan ba ya da kasuwa. Kofunan kuma ki ɗaga ɗaya saitin rana ki leƙa cikinsa. In fuskar wata mata 'yar Japan ta bayyana a gindin, kada ki tsorata, kuma kada ki yarda wani ya ce miki asiri ne ko alamar zinare. Kaurin ƙasar aka bambanta, inda ya yi siriri haske ya ratsa, inda ya yi kauri ya yi inuwa. Gwaninta ce, amma an yi su jibgi. Darajarsu na ga cikar shida da farantansu.

Yanzu tukunyar da ba wanda yake so.

A farkon shekarun 1950 gwamnati ta buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ƙarƙashin wani Baturen Ingila, Michael Cardew, da goyon bayan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. A fadar Sarkin ne Cardew ya ga tukwanen wata maginiya Bagwariya, Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar a 1954, mace ta farko a wurin. Ita ce wadda kike gani a bayan takardar naira 20 tana gini. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Bayanta mata irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa sun yi aiki a can. Abin da cibiyar ta riƙa fitarwa a wancan lokaci kayan amfanin gida ne: butocin shayi, kofuna, farantai, tukwane masu murfi, ana gasa su da itace a wutar da ta haura digiri 1,200. Suna da nauyi, launinsu duhu ne, baƙi-baƙi ko kore mai duhu ko ruwan ƙasa, da zane da aka ƙarta a jiki. A aikin Ladi akan ga kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, kifi. Hatimin cibiyar kuma kalmar Abuja ce da haruffan Larabci, an danna ta cikin yumɓu tun yana ɗanye, kusa da gindi, gefenta kuma harufan maginin: LK na Ladi Kwali, MC na Cardew. Turawa da manyan ma'aikata a Kaduna da Legas su ne masu sayensu a lokacin.

Ba na cinikin biri a sama, sai na ga hoto. Amma tukunya mai duhu, mai nauyi, da ajami a gindi, daga gidan Bature a Kaduna, ta isa a tsaya a kanta. Manyan tulunan Ladi suna kai dubban fam a gidajen gwanjon Ingila, ƙananan kayan sauran maginan cibiyar kuma suna da masu nemansu. In zatona ya tabbata, ita kaɗai za ta iya fin duk sauran kwabar.

Abin da ya sa na dage a nan, ni na taɓa yin wannan asarar, kuma ba tawa ba ce ni kaɗai. Farkon zamana a Kurmi wata tsohuwa ta ba ni wata butar ruwa mai duhu in sayar mata, za ta yi wa jikarta kayan ɗaki. Na ga ba ta da fure ba ta da zinare, na sallama wa baƙon farko da ya taya, kuɗin bai fi na kwano biyu ba. Na ga rubutun a gindi, na iya karatun ajami tun ina makarantar allo, amma ban tsaya na karanta ba. Sai bayan shekaru na fahimci abin da ya fita daga hannuna. Tsohuwar ta riga ta rasu, ban sami hanyar cika mata haƙƙinta ba, har yau ina sa ta a addu'a.

Bayan sanin asali sai lafiyar kaya, kuma a nan kuɗi ke zubewa. Ki rufe ido ki bi bakin kowane abu da ɗan yatsa, da hancin buta, da cikin leɓen murfi. Yatsa yana jin giɓin da ido ya tsallake. Ki ɗora shi a tafin hannu ki ƙyasta: mai tsaga, ko siririya ce kamar gashi, ƙararsa a mace take fita. Da dare ki sa fitilar waya a ciki, tsagar za ta fito. In kina zargin an taɓa liƙa hannu ko hanci, ki aro fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, a cikin duhu gam da sabon fenti sukan yi haske daban da sauran jiki. Akwai kuma tsattsagewar fatar gilas, mai kama da ƙasan fadama da rani. Ba fashewa ba ce, jikin da fatar ne ba sa miƙewa da tsukewa tare. A na yumɓu mai ƙaramar wuta masu saye sukan yi haƙuri da kaɗan, amma in maiƙo ya shiga ya yi baƙi, farashi ya sauka.

Don Allah kada ku yi musu wankin biki. Na taɓa zuwa ganin wata buta da yamma, muka yi da safe zan dawo da kuɗi. Cikin dare 'yar gidan, don son a ga kyanta, ta sa toka da soson ƙarfe ta dirje ta. Da safe zinaren ya tafi, jan furen ya tafi, domin wasu launukan a kan gilas aka shafa su ba a sake gasawa ba, farce ma yana kankare su. Ruwa mai ɗumi kaɗan, sabulu mara ƙarfi, tsumma mai laushi, a cikin roba da aka shimfiɗa wa zane. Ban da bilic, yana shiga ta tsagogin fata ya riƙa cin jikin daga ciki. Ban da tafasasshen ruwa, musamman da hunturu. Abin da ya karye kuma kada a sa masa gam, a naɗe guntun a ajiye tare da uwarsa. Kada a ɗaga buta ta hannunta, a tallafo ta ta gindi.

Batun jabu bai kamata ya dame ki sosai ba, tunda kayanku suna kwaba tun kafin a fara kwaikwayonsu. Wanda zai saya a kasuwa, ko yake son fara tarawa, shi ya kamata ya buɗe ido. Kamfanin McCoy na Amurka, wanda ya yi suna da mazubin biskit masu siffofi, ya rufe a 1990, SylvaC na Ingila mai kwanukan albasa da fuskar mutum ya rufe a 1982, amma har yanzu ana buga sunayensu a sababbin kaya. Mai jabu yakan ɗauki na asali ya yi zubi a kansa, kamar yadda masu zubin tukwanen alminiyam ke danna tsohuwar tukunya cikin yashi. Sai dai kowace maginiya ta san yumɓu yana tsukewa in ya bushe, ya ƙara tsukewa a wuta, don haka kwafin kullum ya fi uwarsa ƙanƙanta, zanensa kuma ya dushe. Wasu suna jiƙa sabo a ruwan shayi don ya yi kamar ya tsufa. Tsufan gaske ba ya zuwa bai ɗaya: yana taruwa a zoben gindi inda yake gogar katako, da inda hannu ke kamawa. Duk kuma wanda ya zo muku da zancen wai akwai jar zaiba a cikin tsofaffin kaya, ana sayenta miliyoyi, a sallame shi. Babu wannan abu, tarkon damfara ne.

Farashi kuwa shi ne abin da wani ya ƙirga ya miƙa, ba abin da mai kaya ya sa ba. A 1988 gidan gwanjon Sotheby's a New York ya sayar da mazuban biskit 175 na mai zane Andy Warhol a kan kusan dala 250,000. Sunan mai su aka saya, ba yumɓun ba, amma labarin ya sa mutane suka ɗauka kowane mazubin biskit dukiya ne. Da intanet ta zo aka ga yawan da suke da shi a ɗakunan mutane, sai farashin na gama-gari ya faɗi. Ki ɗauki hoton kowanne ki sa a Google Lens don ki san sunansa, sannan ki neme shi a eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ki zaɓi a nuna miki waɗanda aka riga aka sayar kawai. Za ki ga wani ya sa wa irin butarki kuɗi mai yawa ta shekara ba mai taya, ga wata irinta an sayar da araha jiya. Ta biyun ce gaskiya. Daga wannan kuma ki cire kuɗin aikawa, da la'adar dillali, da hatsarin fashewa a hanya, abin da ya rage shi ne kuɗinta a Ringim. A gida masu saye su ne masu shirya fim da ke neman ɗakin zamanin da, da masu kwalliyar wurin biki, da 'yan tsirarun masu tarawa a Kano da Abuja da Legas. A ganina, in aka cire tukunyar, tayin mutumin bai yi nisa da gaskiya ba. In aka haɗa da ita kuma ta tabbata ta Abuja ce, tayin bai kama hanya ba.

In ta kai ga fitar da ita waje, ki sani akwai dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ta hana fitar da kayan tarihin gida ba da izini ba, musamman waɗanda aka yi kafin 1918 ko aka yi amfani da su a bukukuwan gargajiya. Butar Ingila ba ta ciki, tukunyar Abuja ma ba ta kai waɗannan shekaru ba, amma gara a nemi takardar hukumar don kada a riƙe ta a filin jirgi. Gidan Makama a Kano na hukumar ne. Ki kai musu hotuna tukuna, ba tukunyar ba.

Wajen rabo, yadda za a kasa na malamin da zai raba ne. Nawa shi ne a yi wa kowane abu kuɗi daban, a rubuta, a ji bakin mutum biyu da ba su san juna ba kuma ba su ne za su saya ba, balle in akwai marayu ƙanana cikin magada. Kuma kada a raba 'yan ɗaki ɗaya. Na sha ganin an ba wannan buta, an ba waccan mazubin sukari, kofuna shida an watsa gida uku don kowa ya sami abin tunawa. Kowa ya tashi da guntun da ba ya da kasuwa. Gara mutum ɗaya ta ɗauki saitin a lissafa cikin rabonta.

Wadda ta ɗauka kuma ta bar shi a jere, kada ta mayar da shi na ci. Tsofaffin masana'antu sun yi amfani da dalma a fatar gilas da launuka, musamman ja da ruwan lemo da rawaya, Amurka ma sai a 1971 ta fara sa iyaka a kan haka. Abu mai tsami yana jawo ta: kunun tsamiya, zoɓo, nono, lemun tsami. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani. Tumatir ɗin nan ja kada a zuba musu gishirin da yara za su ci.

Ki aiko mini da hoto uku na tukunyar: ɗaya dukanta da murfi a tsakar gida da safe, ɗaya cikinta, ɗaya na hatimin. Wajen ɗaukar hatimin ki haska fitila daga gefe, ba daga sama ba, don ramin rubutun ya yi inuwa. In bai fito ba, ki ɗora farar takarda a kai ki goga fensir a hankali. Ki auna tsayinta da faɗin bakinta da tef ɗin tela. Sannan in akwai ƙanwar Hajiya ko abokiyar zamanta da ke raye, ki je ki gaishe ta a makon nan, ki tambaye ta wace shekara kakanki ya baro Kaduna, wane aiki Baturen yake yi, da wane kaya ya dawo da su. Ki rubuta abin da ta faɗa da ranar da ta faɗa, ki ninke takardar ki sa cikin tukunyar, ki mayar da murfin, ki ajiye ta a ƙasan kwaba inda hannun yara ba ya kaiwa.